Cikin Marka da Ya Kwanta

Jama'a, a gyara zama! A kama yara, a ɗaure awaki, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Yau zan gabatar maku da Gimbiyar Kalwa, Sarauniyar Wari, wadda in ta buɗe tukunyarta a bayan gidanmu ƙudajen Malumfashi ke sallamar iyalinsu su kamo hanyar Dayi. Ita ce Marka mai daddawa, matar yayana Jibo. Ni kuwa mai wannan shela sunana Aƙilu, ƙanen mijinta. Na yi aji huɗu a elemantare kafin ni da malamin lissafi mu gane zamanmu tare ba zai yiwu ba. Tun daga nan nake yaron mota tsakanin Funtuwa da Zariya, in an kore ni in dawo gida in ci tuwon Marka.

Gajera ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar an aike ta. Ba ta dariya da ƙarfi, sai dai ta murguɗa baki ta ce, "Allah ya shirye ka." Tun da aka kawo ta gidanmu take daddawa. Ta dafa kalwa yini guda, ta surfa, ta wanke a rafi, ta sake dafawa, ta rufe da ganye har ta yi warin da ake so, sa'an nan ta kirɓa ta shanya a tabarma. Ranar kasuwa ta ɗora faifai a ka ta zauna bakin hanya, direbobin lori su tsaya don ita kaɗai. Ni da ita wasa ne tsakaninmu, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji. A tsakiyar kasuwa nake ce mata matata, ita kuwa ta ce da ta aure ni gara ta auri tukunyar kalwa, ko banza tukunya tana zama wuri ɗaya.

To, Marka tana da ciki. Yau shekara wajen tara ke nan.

Kada wani ya yi dariya, ga yadda abin ya faru. A damina ta biyu da aurenta ta yi ɓatan wata, har an fara yi mata kunun tsamiya. Sai jini ya ɓalle mata, zazzaɓi mai zafi ya biyo baya, ta kwanta har aka fara fid da rai. Da ta farfaɗo, mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Inna, ta shafa mararta. Inna ita ce ungozomar unguwarmu, rabin mutanen da ke tafiya da ƙafafunsu a nan ita ta yanke masu cibi. Ta shafa, ta danna, ta ce, "Bai fita ba. Tsorata ya yi, ya kwanta." Shi ke nan. A wajenmu kowa ya san ciki yana kwanciya, ya yi shekaru yana barci, ranar da Allah ya so ya tashi ya ci gaba da girma. Ko mace tana ganin ɗan jini wata-wata ba ya hana, cewa ake shi ne ma ke hana shi tashi.

Wannan maganar ta Inna ita ta riƙe Marka a gidanmu. Don Inna ta sha faɗa, a gaban kowa, cewa ita ba ta ajiye juya a gidanta, ko akuya ce in ta ƙi haihuwa kasuwa za ta. Amma Marka ba juya ba ce, mai ciki ce. In ana suna a unguwa tana zama cikin iyaye mata. Zanenta sakwa-sakwa take ɗaura shi don kada ta matse yaro. Ta sha rubutun malamai, ta sha saiwar da wani tsoho Bamaguje ya haƙo mata a bayan dutse, duk don a tashe shi. Ƙanwarta Hajo, da ke aure a Mahuta, ta taɓa aiko mata cewa in ta yaye 'yarta Lauratu za ta ba ta riƙo. Marka ta yi fushi har ta ƙi cin tuwo, don wadda ba ta da nata ake ba riƙo, ita kuwa nata yana hanya.

Ni kuma na samu abin wasa. Kullum da safe in na shigo sai in durƙusa a gabanta, in dunƙule hannu in jinjina wa cikin.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Barci! An tashi lafiya? Au, ba a tashi ba? To, a huta. Turawa sun tafi, an samu mulkin kai, auduga ta yi kuɗi, kai kaɗai ake jira."

"Rabu da shi," in ji Marka, "ya ji labarin irin baffan da zai tarar ne, shi ya sa ya ƙi fitowa."

Ana nan, wata rana muka kai wani lebura asibiti a Zariya, dilar auduga ta faɗo mashi a ƙafa. Can na ga abin mamaki. Aka sa shi ƙarƙashin wani inji, ba a yanka shi ba, ba a ko yage wandonsa ba, sai ga hoton ƙashinsa an ɗaga a fitila. Na tambayi wani mai tura keken marasa lafiya ko injin yana ganin cikin mace. Ya ce har mahaifa ana ɗauka, matan da ba su haihu ba suna zuwa daga nesa.

Ban kwana ba sai a Dayi. Kafin in isa gida na riga na gaya wa mai shayi, na gaya wa mahauta, na gaya wa matan bakin rijiya cewa ni Aƙilu zan kai Marka Zariya in dawo masu da hoton Sarkin Barci, su ga ko ta dama yake kwance ko ta hagu. Yaya Jibo ya ce a bar mace da sirrinta, ya ɗauki fartanya ya fita. Shi haka yake, magana uku ta ishe shi yini. Inna kuwa ta ce a je, in injin na da ido ai zai ga abin da hannunta ya gani, wataƙila ma likita ya san yadda ake tashinsa. Na ɗauka Marka ce za ta ƙi. Tana durƙushe tana hura wuta, ba ta ɗago ba ta ce, "Zan je. Ina so in gan shi, ko sau ɗaya."

Lokacin kasuwar auduga ne, Jibo ba zai bar awo ba, kuma ko ba awo kunya ba za ta bar shi ya bi matarsa gaban likita ba. Don haka ni na raka ta. Muka hau lori zuwa Funtuwa, daga nan jirgin ƙasa. Ba ta taɓa shiga jirgi ba. Duk girgizar da ya yi sai ta dafe mararta da hannu biyu.

Likitan wani Ba'indiye ne mai furfura a gefen kai. Akwai nas tare da shi, wata doguwar mata 'yar Wusasa. Ni ko tambayar ta ban yi ba ko tana jin Hausa, na shige gaba na gaya wa likita da Turancina na aji huɗu cewa ni ne tafinta. Ya ce madalla, ya nuna mini benci kusa da Marka. Ya tambayi sunanta, na fassara. Ya tambayi shekarun aure, na fassara har da ƙarin bayani. Ina jin kaina kamar akawun En'e.

Sai ya ce in tambaye ta yaushe ta ga jininta na ƙarshe, kuma sau nawa mijinta ke zuwa ɗakinta.

Wallahi ban taɓa sanin fankar sama tana da kyan kallo ba sai ran nan. Ni da ke kiran matar nan matata a gaban mahauta, ni da ba a taɓa rufe mini baki ba tun daga tashar Funtuwa har Tudun Wada, sai ga harshena ya zama dutse. Matar yayana ce fa. Tuwonta ya raine ni. Marka ta dube ni tana jira.

"Me ya ce?"

"Wai... wai yana gaishe ki. Ya ce yaya hanya."

Nas ɗin ta ajiye abin da ke hannunta. Da Hausa tsantsa, wadda ta fi tawa, ta ce, "Malam tafinta, ga ƙofa can. In an zo wajen gaisuwa za mu kira ka." Kafin in kai ƙofa ta riga ta maimaita tambayar, na kuwa ji, Marka kuma ta san na ji. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Likita ya duba ta ya ce shi bai ji ciki ba. Marka ta ce ai kwance yake, hannu ɗaya ne a duniya ya iya jin sa. Bai yi gardama ba. Ya ce tunda jinin watan nan bai daɗe da ɗauke mata ba, lokacin ya dace, ta dawo da safe a yi hoton. Nas ce ta yi mata bayanin yadda ake yi, ni ma daga baya ta gaya mini a tsaye a baranda, ina jin don ta hukunta ni. Ana kwantar da mace ƙarƙashin injin, a sa wani siririn ƙarfe mai rami a bakin mahaifa, a tura wani mai mai kauri da sirinji. Man nan yana fitowa fari a hoto. Zai cika mahaifa, sa'an nan ya bi wasu 'yan hanyoyi biyu, dama da hagu, waɗanda ƙwan mace ke bi ya sauko. In a buɗe suke, man zai wuce ya zube ta ƙarshensu. In a toshe suke, zai tsaya.

Da safe na zauna a benci bakin ɗakin hoto. Akwai wata mata da aka shiga da ita kafin Marka, ina jin ta tana kiran uwarta, don an ce lokacin da man ke shiga mara tana murɗawa ba kaɗan ba. Da aka shiga da Marka na kasa kunne. Na ji ƙugin inji, na ji likita na magana, na ji ƙarar ƙarfe a tasa. Ban ji Marka ba. Da nas ta fito ta ce mini, "Wannan matar yayan naka, gefen mayafinta ta cusa a baki ta cije. Na ce ta yi kuka in tana so, ba kowa. Ta ce a garinsu abin kunya ne a ji muryar mace a haihuwar fari." Nas ɗin ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Da hoton ya bushe likita ya ce a shigo da ni, yana so namijin gidan ya ji da kunnensa. Ya maƙala baƙin faifan hoton a jikin akwati mai fitila. Na matsa ina neman kai, ina neman 'yan ƙafafu. Abin da na gani wani farin abu ne kamar kan maraƙi, mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa, da 'yan ƙahoni biyu da aka gutsure tun daga tushe.

Marka ta zo dab da fitilar, tana ɗan dafa bango don marar ba ta sake ta ba.

"Ina yake?"

Nas ta ce, "Yaya, wannan farin shi ne mahaifarki. Ba kowa a ciki."

"Ko ya ɓuya ta baya? Matsoraci ne."

Likita ya yi magana a hankali, nas tana mayarwa. Ya ce man ya cika ɗakin kaf, da akwai wani abu a ciki, ko ƙwayar wake ce, da man ya kewaye shi an ga inuwarsa. Ya sa bakin alƙalami a kan ƙahonin nan biyu, ya ce nan ya kamata a ga zare siriri ya tafi dama, wani ya tafi hagu. Duka biyun a toshe suke. Ya ce ga alama cikin farko ya fita tun ranar da jinin ya zuba, zazzaɓin da ya biyo baya shi ya liƙe hanyoyin. Ana iya gwada aiki da wuƙa, amma ba zai yi mata ƙarya ba, irin wannan da wuya ya buɗe.

"Tun ran nan?" in ji Marka.

"Tun ran nan."

Ta daɗe tana kallon hoton. Ni kuwa duk gaisuwar da na yi wa Sarkin Barci, safiya bayan safiya, ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta juya mana baya, ta kwance zanenta ta sake ɗaurawa, ta ja shi tamau. Ta gode wa likita, ta gode wa nas, ta ce mu tafi.

Hoton ba a ba mu ba, na asibiti ne. A jirgi na ce wannan ma sa'a ce, na fara shirya mata dabara.

"Yaya Marka," na ce, ban taɓa kiran ta haka ba, "ba wanda ya gani sai ni da ke. Ki bar mini maganar. Zan ce mun gan shi, ta dama yake kwance, ya yi matashi da hannu, goshinsa sak na Yaya Jibo. Zan ce likita ya hana a tashe shi. Kin san ni, ko liman sai ya yarda."

Tana kallon gonakin auduga da aka gama tsincewa suna gudu ta taga. Da muka kusa Funtuwa ta kwance ƙullin rogo ta miƙo mini, ta ce in ci.

Mun iso gida bayan la'asar. Tsakar gidan cike yake da mata, aikin bakina. Wasu har da 'ya'yansu, an zo ganin hoto. Yaya Jibo yana tsaye a ƙofar zaure yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Na yi gyaran murya, na buɗe hannuwa.

"Jama'a, albishirinku! Mun gan shi da idon..."

"Babu kowa," in ji Marka.

Ba ta ɗaga murya ba, amma mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Idon Marka yana kan yatsun ƙafarta.

"Na gani. Wayam yake, hanyoyin kuma sun toshe. Juya ce ni. Wanda ya zo kallo ya yi haƙuri."

Kowa ya san abin da Inna ta sha faɗa a kan juya, kowa kuma ya juya yana kallon ta. Ni ƙasa nake roƙo ta tsage. Inna ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi, ta miƙe da ƙyar, ta tako har gaban Marka. Ta ɗora tafin hannunta a marar, ta danna, ta karkata kai kamar mai saurare.

"Ga shi nan," ta ce.

"Inna, na gani da idona."

"Idonki ya san ciki? Haihuwa nawa idonki ya karɓa? Ke Rabi'atu, wa ya ce maki tagwaye ne tun kina wata biyar? Hannun nan ne ko ƙarfen Zariya?"

Rabi'atu maƙwabciyarmu ta ce hannun ne.

"To. Yaro ya ga baƙon mutum da fitila, ba dole ya lafe ba? Wa ya matse maki zane haka? Sassauta shi. Kuma in ma kina shirin tattara kwanoninki ne, babu inda za ki da jikana a ciki. Ku kuma ku watse, ba biki ake ba."

Har yau ban san abin da ke ran Inna ba. Ko ba za ta iya cewa hannunta ya yi kuskure a gaban matan da ta karɓi haihuwarsu ba ne, ko kuwa tuwon Marka da jinyar da take mata in ciwon ƙafarta ya tashi ne ba ta son rabuwa da su. Na tambaye ta sau ɗaya, ta jefe ni da marar kwasar tuwo.

Marka dai ba ta sassauta zanen ba. Kwanaki ta yi ba ta fita kasuwa ba, direbobi suna ta tambaya. Sa'an nan wata safiya ta hau lori ita kaɗai zuwa Mahuta. Da ta dawo, Lauratu tana goye a bayanta, 'yar yayayyiya mai kumatu, tana tsotsar yatsa. Akwai hanyar bayan gari da ke kawo mutum gidanmu ba wanda ya gan shi. Ba ta bi ta nan ba. Ta bi ta bakin rijiya, a lokacin da mata suka fi yawa, kanta a sunkuye, tana amsa sannu ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ga goyon nan ta san abin da ake gaya mata.

Inna ta karɓi yarinyar ta juya ta, ta ce madalla, an samo mai tashin ƙanenta da ƙiriniya. Washegari na ga Yaya Jibo yana kafa 'yan itatuwa kewaye da murhun kalwa, don kada ƙaramar ƙafa ta kai wurin.

Haka gidanmu yake yanzu. In baƙuwa ta zo, Inna ta ce surukarta tana da ciki kwantacce, Marka ta ce daga bakin murhu, "Babu kowa, Inna," Inna ta ce, "Ji ta, sai ka ce nata ne ita kaɗai." A wajen suna Marka tana zama inda take zama da, Lauratu a cinyarta. Ni na daina jinjina da safe. In na shigo sai in ce ina kwana kamar mutumin kirki, in rasa inda zan sa hannuwana.

Jiya na same ta tana tsame kalwa, na zauna na gaya mata cewa na rubuta labarinta kaf, za a karanta shi har Kaduna, har inda jirgi ya ƙare. Na karanta mata shelar farko da murya irin ta sanƙira, Gimbiyar Kalwa da Sarauniyar Wari da ƙudajen Malumfashi. Na ce abu ɗaya ya rage mini, ban san yadda zan kira ta a ƙarshe ba, ko yadda Inna ke faɗa, ko yadda ita ke faɗa.

Ta tsane hannunta a zane, ta dube ni.

"Rubuta mai daddawa. Ka kuma tashi daga tabarmar nan, shanya zan yi."